Na ji tarin motar, na ce masa ya yi shiru

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Mutari. Ni ba da takarda nake ƙirga ba, da kaka nake ƙirga, kuma geron bana shi ne na tara da muka zuba a rumbu ba ya duniya. Soja ne, makanikin motocin soja, ya kai sarjan. Ya rasu a wani daji mai nisa da ban taɓa takawa ba, kabarinsa ma ban taɓa gani ba. Ni ce babbar yayarsa. Ni na goye shi yana jinjiri, kuma da matarsa ta fita takaba ta koma gidan iyayenta a Belbeji, ni aka bar wa ɗansa Lawali, lokacin yana da shekara goma sha ɗaya.

Kowace shekara in lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in daka gumba in aika masallaci a yi masa addu'a ba. Bana ne abin ya zo da wani nauyi daban. Lawali ya cika ashirin. Ya haɗa dosiyensa, takardun neman shiga soja, ya kai, ya je Damagaram likita ya auna ƙirji ya duba ido, sunansa ya fito cikin waɗanda za a ɗauka soja. Ya dawo ya tarar da ni ina tankaɗe, ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ba inda za ni sai kin ce je ka. In kin ce a'a, yanzu in yaga takardar." Na san shi sarai, zai yaga. Kwana goma sha biyu aka ba su su hallara. Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tunani. Kwana biyun nan suka zama tara, ina shiga ina fita, ina tuƙa masa tuwo, ban ce e ba ban ce a'a ba.

A cikin kwanakin ne rediyon mai gidana, Malam Isufu, ta cika da maganar gyara yadda ake sayen manyan kayan yaƙi. Shi tela ne, a zaure yake ɗinki, rediyonsa ba ta hutawa, ni kuma ina tsakar gida amma kunnena yana can. An ce ana so a daina saye ta hannun dillalai, a je wurin masu ƙerawa kai tsaye. An ce kafin a kwaso motoci ko jirage da yawa, a fara kawo kaɗan a gwada su cikin yashinmu da zafinmu. An ce abin da duk za a saya ya zo da kayan canjinsa, a kuma koya wa namu gyaransa, sannan a sa wasu idanu daban, ba waɗanda suka yi cinikin ba, su duba ko abin da aka sauke shi ne abin da aka yi alkawari. Masu maganar suna ta zuba Faransanci a tsakiyar Hausa, ban kama duka ba. Amma wanda na kama ɗin ba baƙo ba ne a kunnena. Tun ina ƴar ƙarama na ji shi a bakin rijiya, daga mutumin da bai taɓa taka ƙofar lakol, makarantar boko, ba.

Babanmu, Ari, mai yasar rijiya ne. Wanda ya san yankinmu na Damargu ya san rijiyoyinmu: ka leƙa sai ka hango ruwa can ƙasa kamar ƙwayar ido, raƙumi ya ja guga ya yi tafiya har ya ƙanƙance kafin gugan ya iso baki. In rijiya ta cika da taɓo ko gefenta ya rufta, Baba ake zuwa ɗauka, daga nan Tanut har kwarin Tarka. Yana da wata doka da ba ya sassautawa ga kowa. Mai rijiya ne zai sayi igiya, amma Baba ne zai je kasuwa ya zaɓa. In an kawo ta, sai ya zauna ya rufe ido, ya bi ta da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, yana neman inda tufka ta yi sako-sako. Daga nan ya jiƙa ta, ya ɗaura mata buhun yashi da ya fi shi nauyi, a zura a fiddo har sau uku. Kuma wanda ya tufka igiyar, ko wanda ya sayar da ita, dole ya zo ya tsaya a bakin rijiyar har Baba ya fito. In ya ce yana da uzuri, to Baba ma yana da uzuri.

Na tuna wani mai dukiyar dabbobi da ya zo da igiyar roba shuɗiya, sabuwa fil, ya ce daga Kano aka kawo masa ita. Baba ya ce sai an gwada. Mutumin ya ji haushi, ya ce, "Haba Ari, ta kamfani ce fa, ba ta kaba ba." Baba ya ce, "To Alhaji, bismilla. Kai fara shiga, ni in riƙe maka." Wurin ya ɗauki dariya, har shi Alhajin. Igiyar nan lafiyarta ƙalau, da ita Baba ya shiga ya fito. Amma sai da aka gwada. Baba ya yi shekarun da ban san iyakarsu ba yana shiga ramin da tsuntsu ma ba ya shiga, a ƙarshe a kan tabarmarsa ya rasu, da furfurarsa.

Mutari bai gaji rijiya ba, ƙarfe ya ja shi. Ya fara daga garejin bakin tasha, daga nan sai soja. Amma ni da shi Allah ya haɗa mu a kunne. Injin niƙan unguwarmu in zai lalace, ni nake fara sani daga cikin gida, in aika a ce wa mai injin ya duba, yau ko gobe zai tsaya, kuma ya tsaya. Mutari yakan ce da ni mai fita ce da tuni na ƙwace masa sana'a. Hajiyar gareji yake kirana in yana son tsokana, alhali ko Makka ban je ba, garejin ma ban taɓa shiga ba.

Wata bazara, wata biyar kafin rasuwarsa, ayarin sababbin motocin sulke ya biyo ta Tanut. Suka tsaya bakin kwalta su sha ruwa su yi azahar. Gari ya fashe. Mata na guɗa, ƴan kasuwa sun bar rumfunansu, tsofaffi na sa albarka. Motocin kuwa tubarkalla, fenti sai ɗaukar ido, ƙafa guda ta kusa kai ƙirjin mutum. Mutari ya roƙi izini ya shigo gida. A tsaye ya sha fura. Sannan ya ce, "Yaya, ɗauko mayafinki, zo ki ji wani abu." Na ce wace ni da shiga tsakiyar sojoji. Ya ce ba sai na matsa ba. Muka tsaya a bayan wata katanga, ya ɗaga wa direba hannu, aka tayar da guda.

Na ji. A ƙarƙashin rugugin akwai wani tari ƙarami, irin na tsohon da ke ɓoye ciwonsa kada a hana shi tafiya. In an taka sai ya ɓuya, in an saki sai ya dawo. Aka tayar da ta biyu, ita ma haka.

Na ce, "Wannan ce sabuwa?"

Ya ce, "Fentin sabo ne."

Ya ce ya shiga ƙarƙashinsu ya ga robobin ruwa sun bushe sun fara tsagewa, alamar sun daɗe a ajiye a wani wuri. Ya ce don ƙasar sanyi aka ƙera su, abin tace iskarsu bai san yashi ba, kuma ba a haɗo da kayan canji ko guda ba, an dai ce suna hanya. Ya ce in sun isa bariki za a miƙo masa takarda ya sa hannu cewa ya duba ya karɓe su lafiya. Ba zai sa ba. Zai rubuta abin da ya gani ya aika sama.

To ga inda na shigo. A lokacin ana sa ran ƙara masa galo, wato ƙarin girma a aiki, mun daɗe muna jira. Na ce, "Kai Mutari, kai wa? Manya sun tsallaka teku sun zaɓo, kai ɗan mai yasar rijiya za ka ce ba su iya ba? Ba ka ji gari na guɗa ba? Ka rufa mana asiri ka sa hannunka. In galon ya hau kafaɗa ka yi maganarka, lokacin za a saurare ka." Ya ce, "Yaya, ke ma fa kin ji." Na ce, "Na ji. Injin niƙa ma yana tari yana niƙa." Ya dube ni, ya yi ƴar dariya, ya ce, "Shi ke nan, Hajiyar gareji ta yanke hukunci." Uwarmu ta rasu da wuri, ni na zame masa uwa, kuma a gidanmu ƙane ba ya tsallake maganar wadda ta goye shi, ko da ya yi gemu, ko da yana ba wasu oda. Ya sa hannu. Shi da kansa ya gaya mini a tarho bayan kwana uku, yana cewa in fara kiwon ragon walimar galo.

Yadda abin ya faru daga bakin abokinsa na ji, Agali, soja mai muƙamin ajidan, Buzu mutumin Tarka, wanda suke tare ranar. Ya zo gaisuwa bayan arba'in, ya zauna a zaure da rawaninsa, aka zuba masa shayi har ya huce bai taɓa ba. Ya ce mota uku suka fita sintiri. Da rana ta take, guda ta tafasa ta tsaya a tsakiyar fili, ba itace ba tudu. Robar ruwa ce ta fashe, wadda Mutari ya riga ya ɗaure sau biyu da yankin tsohuwar taya. Ya shiga ƙarƙashi zai ɗaure ta na uku. Yana can wasu mahara suka fito. Agali ya ce ba ƙarfi aka fi su ba, tsayuwar ce ta ba da su. Kayan canjin da aka ce suna hanya, har ranar suna hanya. Ya buɗe hannunsa ya nuna mini tsawon robar. Ba ta kai kamu guda ba.

Na ce Allah ya ji ƙansa. Na tashi na ɗora sanwa, don baƙo zai ci abinci. Mutane sun yi ta yabon haƙurina, ana cewa a yi koyi da ni. Ba haƙuri ba ne. Kun san ƙafar da mutum ya daɗe zaune a kanta, ya tsunkule ta bai ji ba? Haka nake. Ina zuwa suna in yi dariya, maƙwabta na shigowa shan labari kamar da, bakina bai mutu ba. Amma in an ambaci sunansa sai in ji kamar ana maganar wani mutumin kirki na wani gari. Na yi ta jira abin ya narke in yi kukan da ake yi, shiru. Maganar bayan katanga kuwa ban gaya wa kowa ba, har Malam Isufu.

Yanzu da ake ta maganar gyara, nakan tambayi kaina me Mutari zai ce da yana nan. Na tabbata da dariya zai fara, ya ce to madalla, an gano ba a fafe gora ranar tafiya. Daga nan zai yi tambayar da ban ji kowa ya yi a rediyo ba. In an kawo motar gwaji, wa zai kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashinta, mai tauraro a kafaɗa ko mai baƙin mai a farce? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kuma mai baƙin man ya ce wannan ba ta yi ba, maganarsa za ta hau bene ta isa tebur, ko a matakala za ta kwana? In ta isa, shi me zai same shi? Domin duk abin da suka lissafa mai kyau ne, ban ga na yarwa ba. Amma komai tsawon tsarin, a ƙarshe takarda ce za a miƙa wa wani ƙaramin mutum ya sa hannu. Mutumin nan yana da mata da ɗa, yana da galon da yake jira, yana kuma da yaya irina.

Malam Isufu, da yake shi bai san abin da ke cikina ba, yakan ja da masu son gyaran. Ya ce abokin gaba ba ya jiran a gama gwaji, wanda gobara ta kama ba ya zaɓen ruwa, kuma sirrin tsaro ba a shanya shi a kasuwa. Ban ce bai da gaskiya ba. Amma na ga ranar da aka zo ɗaukar Baba a guje, dabba ta faɗa rijiyar wani ƙauye, gari duka ba ruwan sha, maza na tsaye a kansa suna Ari yi sauri. Ya zauna ya rufe idonsa ya bi igiyarsa har ƙarshe, yana ce musu sauri ya haifi nawa. Maganar sirri kuwa, ni ban ce a gaya mini bindiga nawa gare su ba, me zan yi da shi? Sai dai ranar da motocin nan suka tsaya a garinmu, ba wanda bai ƙirga su ba, makaho ma ya ji yawansu. Abin da aka rufe da fenti tsagewar roba ce, kuma masu shiga ciki aka rufe wa.

Ko gyaran zai tabbata, ban sani ba. Na sha jin abu ana shelarsa da safe, kafin damina ta zagayo an manta sunansa. Na kuma ga abubuwan da na ce ba za a yi ba an yi su. Daga tsakar gidana ba ni da hanyar sanin wanne ne wannan. Abin da ya ɗaure mini baki ke nan kwana tara: ana so in zura ɗan Mutari, ba a kuwa ba ni igiyar in bi da hannu ba. In na ce a'a, na tsare shi a gabana yana kallona da ido, shi da tun tasowarsa ba ya maganar wani aiki sai wannan. In na ce e, na san abin da e ke iya jawowa, ba labari aka ba ni ba.

Rana ta tara da hantsi, yana gyara ƙofar garken awaki, na kira shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya masa duka, katangar, tarin, galon, da abin da na ce wa ubansa, kalma da kalma, don ban manta ko guda ba. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kamar ina faɗa masa abin da za a dafa.

Ya ce, "Gwaggo, da ya rubuta, da sun ji shi?"

Na ce, "Ban sani ba. Wataƙila da sun tura shi wani wuri, sun samu wani ya sa hannu."

"To da wani ne zai shiga ƙarƙashin."

"Wataƙila. Amma ba ni ya kamata in zaɓa masa ba, kuma ni na zaɓa."

Can ya ce, "Shi ya sa tun ina ƙarami ba ki taɓa ce mini yi shiru ba? Ko ina damun baƙi da surutu, sai dai ki aike ni." Wallahi ban taɓa lura ba sai da ya faɗa. Na tsaya ina neman rana guda da na ce masa haka, ban samu ba.

Na ce, "Lawali, je ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya yi maka albarka. Abu guda nake so. In an miƙo maka abin da ka ga bai yi ba, kada ka kira ni ka nemi shawara. Ni matsoraciya ce, ina sonka, zan ce ka yi shiru. Ka faɗa tukuna, sannan ka kira ni."

Ya ce, "Ko galo na hanya?"

Na ce, "Ko na janar ne, ɗan banza."

Ya yi dariya, ya goge idonsa da hannun riga, ya koma ya ƙarasa ƙofar garken. Rana ta goma sha ɗaya ya shiga motar Damagaram. Malam Isufu ne ya raka shi tasha. Ni daga bakin zaure na juyo, ina da wanki.

In na zauna ina auna abin da ya rage na Mutari, ba shi da yawa a ido. Galon bai zo ba. Akwatin ƙarfe aka kawo mana da kakinsa biyu da sifanoninsa. Akwai ɗan nan da ya tafi da tafiyarsa da dariyarsa. Akwai kuma abin da Agali ya faɗa yana sa takalmi zai fita: sauran motocin biyu da suka kwaso mutane suka dawo da su bariki ranar, da ɗaurin Mutari suka iso, don ba wadda bai ɗaure ba. Waɗanda ke cikinsu suna nan a garuruwansu, wasu sun ajiye kaki, wasu sun aurar da ƴaƴa. Ba su san ni ba, ni ma ban san su ba, amma duk jaririn da aka raɗa wa suna a gidajen nan akwai hannun ƙanena a ciki.

Sai takarda guda. Tana can a wata durowa, in gara ba ta ci ba, tana cewa an duba motoci an same su lafiya, da sunansa a ƙasa. Iyakar sanina ita ce ƙarya ɗaya da ya yi a aikinsa. Na ji an ce masu gyara za su buɗe tsofaffin takardu su ga yadda aka yi ta sayen kaya a baya. To ina roƙon wanda ya ci karo da ita, don girman Allah, kada ya ce sarjan ɗin nan bai iya aikinsa ba. Ya iya, ya gani, ya kuma so ya faɗa. Maganar yayarsa ya bi.